Me yake mayar da mu gaban waɗannan gasannin talabijin duk mako?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, na ce bari in kawo shi nan a taya ni dubawa. Maganar shirye-shiryen gasa ce ta talabijin, irin waɗanda ake tara mutanen da ba 'yan fim ba, a sa musu kyamara, a riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya har a samu gwani. Na waƙa ne, na girki ne, na zama a gida ɗaya ne ko na tsibiri, duk dai. Jiya aka fitar da yarinyar da nake goyon baya a wata gasar girki, wallahi sai da na yi hawaye, na kwana raina a ɓace. Yarinyar nan ba ta ma san ina duniya ba. Kuma na san akwai hannun masu shiryawa a cikin abin da ake nuna mana. To mene ne yake riƙe mu haka? Fim idan na gama shi na gama, amma wannan sai in wuni ina lissafin wa za a kora mako mai zuwa.

Sadauki_01:
Wa alaikumus salam. Amsar a taƙaice: ba ki san ƙarshen ba, su ma da ke ciki ba su sani ba. A fim jarumi ya riga ya karanta labarin. A nan kuwa idan kika ga hannun mutum yana rawa, da gaske rawar yake yi.

Fa'iza_M:
Anti Ummu, ni ma haka nake. Abin da yake jana shi ne karantar halin mutane. Satin farko kowa malami ne, kowa yana murmushi yana gaishe-gaishe. Bari a kai sati na huɗu, barci ya yi ƙaranci, an fara ƙirga ƙuri'a, sai ki ga kowa ya koma ainihinsa. Hali zanen dutse. Ina jin daɗin in ce tun farko "wannan ba mai amana ba ne", daga baya kuma ya tabbata. Idan kuma na yi kuskure a kan wani, na kan zauna in tambayi kaina me ya sa na yi masa mummunan zato tun ban san shi ba.

Malam_Nura:
Abin da ya same ki, Ummu Haidar, masana sun daɗe da lura da shi. Tun a 1956 wasu Amurkawa biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai kallo yake ƙulla wata irin zumunta da mutumin da yake gani a talabijin, zumunta ta ɓangare ɗaya: kai ka san shi, ka san yadda yake dariya da abin da yake ɓata masa rai, shi kuma bai san da kai ba. A lokacin masu gabatar da shirye-shirye suke nufi. Su waɗannan gasanni sun ƙara wa abin ƙarfi ne, domin wanda kike kallo ba tauraro ba ne, mutum ne kamar maƙwabciyarki, ya faɗa miki sunan mahaifiyarsa, ya yi kuka a gabanki. Zuciya ba ta bambance wanda ta sani ta fuskar allo da wanda ta sani ido da ido kamar yadda muke zato. Saboda haka hawayenki na gaskiya ne, ba abin kunya ba ne.

Kwamared:
Ku yi haƙuri, ni ban ga abin burgewa ba. Kasuwanci ne tsagwaronsa. Gidajen talabijin sun gano cewa ya fi musu araha su tara mutanen da ke neman suna su yi musu aiki kusan kyauta, a kan su biya marubuta da 'yan wasa. Ku duba lokacin da marubutan fina-finai da talabijin na Amurka suka yi yajin aiki na kwana 100, daga Nuwamban 2007 zuwa Fabrairun 2008, da me aka cike gurbin? Da irin waɗannan shirye-shiryen. Ba don sun fi kyau aka cika mana allo da su ba, don sun fi riba ne.

Sadauki_01:
Kwamared, araha tana bayyana dalilin da ya sa ake yin su, ba ta bayyana dalilin da ya sa ake kallo ba. Shirye-shirye masu araha nawa aka yi babu wanda ya waiwaye su? Zagayen ƙarshe na Survivor na farko a Amurka, a shekarar 2000, mutum sama da miliyan 50 ne suka kalla. Mutum 16 aka kai wani tsibiri a Malesiya na kwana 39, a kan dala miliyan ɗaya. Babu wanda ya tilasta wa miliyan hamsin ɗin nan zama.

Bashir_Edita:
Bari in sa baki, domin na taɓa aikin tace hoto a wani shiri irin wannan, zango biyu. Ba zan faɗi sunansa ba.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne yawan abin da ake zubarwa. Kyamarori da yawa suna ɗauka dare da rana, sai a kawo mana tulin hotuna a ce mu fitar da minti arba'in da 'yan kai. Kafin mu taɓa komai, furodusa ya riga ya rubuta a allo: wance ita ce mai tausayi, wane shi ne mugu, wane shi ne wanda aka raina zai ba da mamaki. Daga nan aikinmu shi ne mu nemo abin da zai tabbatar da hakan. Mutumin da aka ce mugu ne, wataƙila shi ne yake wanke kwanukan kowa da asuba, amma ba za ka taɓa ganin wannan ba. Harara ɗaya da ya yi ranar Talata saboda rana ta haske masa ido, za a iya ɗauko ta a manna bayan maganar da wani ya yi ranar Juma'a. Akwai ma wani salon da ake yanko kalmomin mutum daga hirarraki daban-daban a haɗa su su zama jimla ɗaya, sai a rufe da hoton wani abu don kada ka ga bakinsa bai yi daidai da maganar ba. Duk lokacin da kuka ji muryar ɗan gasa yana faɗin magana mai zafi amma ba a nuna fuskarsa ba, ku sa alamar tambaya.

Ba rubuta musu abin da za su faɗa ake yi ba, aƙalla inda na yi aiki. Tambaya ake musu a ɗakin hira har sai sun faɗi abin da ake so. "Ba ka ji haushin abin da ta yi maka ba? Da gaske ba ka ji ba? To da a ce ka ji, me za ka ce?" Amsar ta ukun ita za ta fita.

Har yau ina tuna wata baiwar Allah da muka mayar mai girman kai, alhali kunya ce take damunta. Abin yana cikin dalilan da suka sa na bar aikin.

Fa'iza_M:
Innalillahi. Yaya Bashir, ka karya mini gwiwa. Ke nan halin da nake cewa ina karantawa, kai ne ka rubuta mini shi?

Bashir_Edita:
Ba gaba ɗaya ba, ƙanwata. Ba za mu iya ƙirƙirar abin da mutum bai taɓa yi ba. Idan ya ci amanar abokinsa a wurin ƙuri'a, ya ci. Abin da muke iya yi shi ne mu ɓoye alheri goma mu nuna sharri ɗaya, ko akasin haka. Shi ya sa na fi yarda da abin da aka haska kai tsaye. Waƙar da mutum ya rera a gaban jama'a ba tare da yanka ba, wannan tasa ce.

Hajiya_Babba:
'Ya'yana, ni na girme wa yawancinku a nan, kuma abin da ya sa nake kallo daban ne. Jikokina idan suka zo kowa kansa na cikin waya. Shiri ɗaya ne yake tara mu a falo, gasar masu gashin burodi da kek ta Ingila. Babu zagi, babu tsiraici, idan na wani ya rushe sai ka ga abokan takararsa sun rugo suna taya shi. Shekarar da Nadiya Hussain ta ci, 2015, da ɗankwalinta da komai, jikata ta tashi tana tsalle kamar yayarta ce. Shekara ta zagayo aka ce ita ta yi wa Sarauniyar Ingila kek ɗin cika shekara 90. Bayan an gama shirin muna kai awa guda muna gardama a kan hukuncin alƙalai. Wannan hirar ita ce ribata, ba shirin ba.

Abban_Sumayya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kin taɓo inda nake so a raba. Ana haɗa su duka a kwando ɗaya, alhali iri biyu ne. Akwai gasar da ake auna gwaninta: murya, girki, ɗinki, waƙar baka. Akwai kuma wadda ba a auna komai sai iya zama da mutane da iya kitsa makirci, a kulle baligai maza da mata a gida ɗaya a jira a ga abin da zai faru. Ta farkon zan zauna da iyalina mu kalla. Ta biyun ba ta shiga gidana. Ba ni kaɗai ba kuwa: a 2004 tashar MBC ta gwada yin Big Brother na Larabawa a Bahrain, ko sati biyu bai cika ba aka dakatar da shi saboda zanga-zangar jama'a.

Zee_Baby:
Baba Abban Sumayya, da girmamawa, iya zama da mutane ai shi ma gwaninta ne. Wataƙila ma ya fi girki wuya. Ka zauna da mutanen da ba ka zaɓa ba, ba waya, ba labarin gida, kowa yana neman abin da kake nema, ka fita ba ka zubar da mutuncinka ba? Zo mu zauna zo mu saɓa ne fa. Ni a irin wannan shirin na koyi cewa mai yawan magana a satin farko ba ya nisa. Ban ce duk abin da ake yi a ciki daidai ne ba, akwai wuraren da nake sauya tasha.

Abban_Sumayya:
'Yata, na ji ki, kuma kin yi magana da hankali. Amma masu shirin ba zaman lafiya suke nema ba. Da mutanen gidan za su zauna lafiya wata uku, da an rufe shirin. Ki sake karanta abin da Bashir ya rubuta.

Malam_Nura:
Tarihin abin ma yana goyon bayan Abban Sumayya ta wani gefen. Big Brother a Holand aka fara shi, a 1999, John de Mol ne ya ƙirƙiro shi. Sunan kuwa daga littafin George Orwell na 1949 aka ɗauko, inda "Babban Yaya" yake nufin hukumar da idonta ke kan kowa dare da rana. Abin da marubucin ya zana don ya tsoratar da mutane, shi aka mayar abin nishaɗi bayan shekara 50, mutane suna layi don a sa musu ido. Kafin shi akwai Expedition Robinson a Suwidin a 1997, wanda shi ne asalin Survivor. Daga nan sai sayar da lasisi: tsari ɗaya, kowace ƙasa ta zuba mutanenta. Big Brother na Afirka ya fara a 2003 da 'yan ƙasashe 12, wata 'yar Zambiya, Cherise Makubale, ta ci. Indiya ta fara nata a 2006 da sunan Bigg Boss. Abin da nake so a lura shi ne, tsarin bai sauya ba daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma kusan ko'ina ya karɓu. Ke nan abin da yake taɓawa a cikin ɗan Adam ne, ba na wata al'umma ba ne.

Kwamared:
Ko kuma abin da yake taɓawa shi ne son ganin faɗuwar wani. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Me ya sa a gasannin waƙa ake nuna waɗanda ba su iya ba a zagayen tantancewa? Ai an riga an saurare su a baya kafin su iso gaban alƙalai. An san ba su iya ba, aka wuce da su da gangan don a yi musu dariya.

Dan_Waka:
Wannan gaskiya ne Kwamared, ni shaida ne. Na taɓa zuwa tantancewar wata gasar waƙa. Tun kafin asuba muke layi. Alƙalan da kuke gani a talabijin ba su muka fara gani ba, wasu matasa ne a ƙananan ɗakuna, kowa a ba shi 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar da aka ba mu mu cike. Tambayoyin murya kaɗan ne, sauran duk a kan rayuwa: ka taɓa rasa wani naka? Wace wahala ka sha? Wa kake so ka share wa hawaye idan ka ci? Na rubuta gaskiya, cewa iyayena suna raye, ina da sana'ata, ina son waƙa ne kawai. Ban wuce ba. Wani da ke kusa da ni, mutumin kirki, muryarsa ba ta hau ba ko kaɗan, aka wuce da shi, ya fito yana murna yana kiran gida. Bayan wata biyu na ga yadda aka nuna shi. Na kasa ƙarasa kallon.

Duk da haka ban daina kallon gasannin waƙa ba. Idan wani ya buɗe baki murya ta fito da gaske, tsigar jikina tashi take yi, na manta da duk abin da na sani.

Ummu_Haidar:
Dan Waka, jimlarka ta ƙarshe ita ce ainihin tambayata. Ka sani, ka gani da idonka, amma kana komawa.

Sadauki_01:
Saboda wani lokacin abin yana faruwa da gaske. Susan Boyle, 2009, a Britain's Got Talent. Mace mai shekara 47 daga wani ƙauye a Sikotland, ta fito jama'a suna yamutsa fuska, alƙalai suna kallon juna. Ta fara waƙa wuri ya kaure. Na yarda masu shirin sun san tana da murya, sun kuma shirya yadda za a nuna rainin don abin ya ƙayatar. Amma muryar tata ce. Duk wanda aka taɓa rainawa saboda kamanninsa ya ga kansa a wurin nan. Shi ya sa ma The Voice, da aka fara a Holand a 2010, ya karɓu: alƙalai sun juya baya, ba su ga fuska ba, ba su ga sutura ba, murya kaɗai. Mutane suna ƙishirwar ganin wurin da cancanta take aiki ba tare da sai ka san wani ba.

Fa'iza_M:
Amma Susan Boyle ba ta ci ba ai, ko?

Sadauki_01:
Ta biyu ta zo, wasu 'yan rawa da ake kira Diversity suka ci. Bayan zagayen ƙarshen ma sai da aka kwantar da ita a asibiti saboda gajiya da matsin da ta shiga. Daga baya faifanta na farko ya yi kasuwa sosai. Ba ita kaɗai ba: Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a American Idol a 2004, a 2007 ta karɓi kyautar Oscar. Ƙungiyar mawaƙa ta One Direction na uku suka zo a X Factor a 2010. Sau da yawa wanda ya ci ba shi ne yake nisa ba.

Bint_Adab:
Tunda ana ta kawo na Turawa, bari in kawo wanda ya sa na fara girmama wannan tsari. Sha'irul Milyon, wato Mawaƙin Miliyan, da tashar Abu Dhabi ta fara a 2006. Gasar waƙar baka ce ta Larabawan sahara, wadda suke kira Nabaɗi. 'Yan gasar ba kiɗa suke yi ba, ba rawa ba. Mutum ya tsaya ya karanto baitocin da ya tsara, alƙalai su warware masa su baiti baiti, su nuna inda ma'auni ya karye da inda ma'ana ta yi rauni. Kuma jama'a suna kallo kamar ƙwallo. A 2010 wata 'yar Saudiyya, Hissa Hilal, da niƙabinta ta kai zagayen ƙarshe, ta zo ta uku. Fasahar da ake ganin ta tsofaffi ce, sai ga matasa suna haddace ta. A Malesiya kuma a 2010 aka yi Imam Muda, gasar matasan limamai, ana gwada su a karatu da huɗuba da nasiha, har da wankan gawa, wanda ya ci aka ba shi gurbin karatu a Madina da limancin masallaci. Wasu sun soki abin, sun ce addini ba abin gasa ba ne, kuma ina ganin sukar tana da wurin zama. Abin da nake nufi dai shi ne tsarin kamar ƙwarya yake, abin da aka zuba shi za a sha.

Abban_Sumayya:
Madalla da wannan, Bint Adab. Irin waɗannan nake nufi.

Kwamared:
Ƙwaryar ma tana da nata ɗanɗanon. Ko a gasar waƙar bakan, idan aka zo ƙuri'ar jama'a, mutum ɗan ƙasarsa ko ɗan ƙabilarsa yake zaɓa, ba wanda ya fi baiti ba. Kuma ƙuri'ar nan da kuke ji da ita, wa yake ƙirgawa? A Koriya ta Kudu, a 2019, masu kallon gasar waƙa ta Produce X 101 suka lura cewa tazarar ƙuri'u tsakanin 'yan takara daban-daban lamba ɗaya ce take ta maimaituwa, 29,978. Su da kansu suka kai ƙara. Bincike ya tabbatar an yi maguɗi, a 2020 aka yanke wa furodusan ɗaurin shekara biyu, ƙungiyar mawaƙan da aka haɗa daga gasar ta watse. A Birtaniya a 2008 hukumar Ofcom mai sa ido kan tashoshi ta ci tarar tashar ITV fam miliyan 5.675 saboda yaudarar masu kira da kuɗinsu a wasu shirye-shirye. Abin ma tsoho ne. Tun shekarun 1950 a Amurka aka gano ana ba wasu 'yan gasar kacici-kacici amsoshi a ɓoye, Charles Van Doren ya amsa da bakinsa a gaban majalisa a 1959, a 1960 aka yi dokar da ta haramta hakan.

Zee_Baby:
Amma Kwamared ka lura da wanda ya kama su a Koriya? Masu kallo. Mutane sun zauna da lissafi saboda sun ɗauki ƙuri'arsu da muhimmanci. Ni a wurina wannan shi ne sirrin abin. A fim ni 'yar kallo ce. A nan ina da hannu. Ranar da wanda na zaɓa ya tsallake da ƙyar, ina jin da ni aka yi. A Sin a 2005 yarinyar da ta ci gasar waƙa ta Super Girl, Li Yuchun, ƙuri'a kusan miliyan uku da rabi ta samu ta saƙon waya, a ƙasar da jama'a ba su saba zaɓen irin wannan ba.

Malam_Nura:
Zee ta kawo abu mai nauyi. Ku tuna Mohammed Assaf, matashin da ya taso a sansanin 'yan gudun hijira na Khan Yunis a Gaza, ya ci Arab Idol a 2013. Da ƙyar ya isa wurin tantancewa a Alƙahira, ya tarar an gama raba lambobi, wani ɗan takara ya ji muryarsa ya ba shi tasa. Daren da ya ci, jama'a suka cika titunan Gaza da Ramallah. Ba murya kawai suke wa murna ba. Mutanen da kullum ake nuna su a labarai cikin baƙin ciki sun ga nasu a tsaye ana tafa masa. To abin da Kwamared ya kira son kai na ƙabila, ta wata fuskar shi ne wannan.

Hajiya_Babba:
Ni damuwata yaran da ake fitarwa. Wanda ya ci ya samu kuɗi, to sauran fa? An nuna wa duniya kukansu da kuskurensu, an sallame su.

Bashir_Edita:
Hajiya, nan ne ciwon yake. Ranar da aka kore ka mota za ta kai ka masauki, washegari ka koma gida, ka buɗe waya ka tarar dubban mutane sun yanke maka hukunci a kan mutumin da mu muka gina. A Japan, Hana Kimura, 'yar kokawa mai shekara 22 da ta fito a Terrace House, ta rasu a watan Mayun 2020 bayan zagin da aka yi ta yi mata a intanet a kan wata rigima da aka nuna a shirin. Shi ba ma gasa ba ne, zaman gida ne kawai. A 2022 ƙasar ta tsananta hukuncin cin mutunci, ya kai ɗaurin shekara guda. A Birtaniya, bayan mutuwar wasu da suka taɓa fitowa a irin waɗannan shirye-shirye, Ofcom ta kawo ƙa'idoji a 2021 da suka wajabta wa tashoshi kula da lafiyar waɗanda suke sakawa. Faransa kuwa tun 2009 babbar kotunta ta yanke cewa waɗanda suka shiga wani shirin tsibiri ma'aikata ne, aiki suka yi, a biya su haƙƙinsu. Amma zagin nan ba furodusa ne yake rubuta shi ba. Mu masu kallo ne.

Fa'iza_M:
Wannan ta shige ni. Na taɓa rubuta magana marar daɗi a ƙarƙashin hoton wata 'yar gasa, ina ganin ai ta cancanta. Yanzu na je na neme ta na goge. Allah ya yafe mana.

Kwamared:
Amin. Ni dai ban sauya ra'ayi ba, amma na yarda ba duka suka zama ɗaya ba. Wanda Hajiya take kallo da jikokinta ba zan hana kowa ba.

Dan_Waka:
Ni tambayata ga Yaya Bashir: a inda ka yi aiki, ƙuri'ar jama'a ana bin ta kuwa, ko masu shirin ne suke zaɓa?

Bashir_Edita:
A inda na yi, ana bi, wani kamfani daban ne yake ƙirgawa, mu ma a daren muke jin sakamako. Sai dai wanda aka ba minti goma a allo da labarin mahaifiyarsa, da wanda aka ba daƙiƙa arba'in, ka san wanda jama'a za su zaɓa. Har jerin fitowa yana da tasiri, wanda ya rufe dare ya fi zama a zukata. Ba sai an taɓa akwatin ƙuri'a ba.

Ummu_Haidar:
Na gode muku ƙwarai, na karanta komai har sau biyu. Yarinyar da na ce an fitar jiya, miyarta ce ta tsinke a minti na ƙarshe, a gaban kowa, ta tsaya ta ce wa alƙalai kuskurenta ne ba na abokiyar aikinta ba, alhali da ta yi shiru da wataƙila ɗayar za a kora. Yaya Bashir, wannan ma za a iya haɗa shi a ɗakin tacewa?

Bashir_Edita:
Idan an nuna fuskarta tana faɗa, bakinta da muryarta sun tafi tare, kuma ba a yanke zuwa wani hoton ba a tsakiyar maganar, to ta faɗa. Ki sake kallon wurin ki duba.

Ummu_Haidar:
Na duba yanzu. Ba a yanke ba.

Zee_Baby:
Anti Ummu, wace gasa ce, kuma zango na nawa? Ina so in fara daga kashi na farko in ga yadda aka nuna ta tun shigowarta.